Hutun wasan zamiya a tsaunukan Alps: tsohon ƙauye ko sabon masauki?

Ɗan Arkilla:
Assalamu alaikum. Jama'a, shawara nake nema. Ni da uwargida da yara biyu za mu je hutun mako guda a tsaunukan Alps na Turai da sanyin bana, yaran su koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mun fi son tsohon ƙauye mai gidajen katako, amma an ce masaukan da aka gina don wasan kawai sun fi sauƙi. Daga Sakkwato za mu tashi. Wane za mu ɗauka, kuma me za mu shirya?

Injiniya na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka duba kyan ƙauye, duba abu biyu: tsayinsa daga teku, da nisan masaukinka daga filin 'yan koyo. Tsofaffin ƙauyuka makiyaya ne suka kafa su, don haka yawanci suna ƙasa, inda ciyawa take. Sababbin wuraren kuwa, irin su Val Thorens a Faransa mai tsayin mita 2,300, an dasa su ne a tsakiyar ƙanƙarar, daga ƙofa sai zamiya. Ƙauyen da ke ƙasa da mita 1,200 yana iya zama babu dusar kirki a farkon Disamba ko ƙarshen Maris, sai a riƙa hawa sama kullum.

Akwai tsofaffin da suka haɗa biyun. Wengen a Suwizalan yana kusan mita 1,270, mota ba ta shiga, jirgin ƙasa mai haƙora ne ke hawa da mutane daga Lauterbrunnen, kuma filin 'yan koyo yana cikin ƙauyen. Ga mai yara wannan ya fi komai. Zermatt ma, a Suwizalan ɗin, babu motar fetur, a Täsch ake ajiye ta, amma garin ya miƙe da tsawo, kuma ya fi tsada. Alpbach a Ostiriya ya riƙe ginin katako saboda dokar gini da suka kafa tun 1953, sai dai daga tsakiyar ƙauyen bas ake shiga zuwa babbar tashar motar igiya mai hawa da mutane kan tsauni. Minti goma a takalmin zamiya, da yaro a hannu da allunan zamiya a kafaɗa, ba wasa ba ne. Tambayi mai masauki mita nawa, kar ka yarda da "kusa ne".

Lokaci: tsakiyar Janairu ya fi araha, Fabrairu hutun makarantun Turai ne. Amma a Wengen ka kauce wa makon tseren zamiya na Lauberhorn, shi ma a Janairu ake yi, ɗaki ba ya samuwa.

Hajiyar Mabera:
Alhaji, Injiniya ya gama da wuri, ni zan yi maganar ciki. Ku kama gida mai kicin, kada ku ɗauki otal mai abincin safe da na dare a haɗe. Abincin ƙauyukan nan naman alade ya yi masa yawa, kuma ba kullum yake fitowa fili ba. A yankin masu Jamusanci ku lura da Speck da Schinken da Schwein a takardar abinci. A na Faransanci, jambon da lardons da porc. Narkakken cukun nan da ake tsoma burodi, wato fondue, da giya ake dafa shi. Rösti soyayyen dankali ne, amma wasu na zuba masa Speck, sai an tambaya. Ƙauye yawanci ba shi da mahaucin halal, sai birane kamar Zurich ko Janeba, don haka a saya kafin a hau. Shinkafa, ƙwai, kifi, madara duk akwai a kantin ƙauye. Yaji da kuka da daddawa a tafi da su. Kilishi kam a bar shi gida, an hana shigo da nama da madara daga wajen Turai.

Tufafi hawa uku: na jiki na ulu ko roba, ban da auduga domin tana riƙe gumi ta sanyaya mutum; sai rigar ɗumi; sai wadda ruwa ba ya ratsawa. Safa ƙafa ɗaya kawai, doguwa. Masu ninka biyu su ne ke dawowa da kanta da yatsu a daskare, saboda takalmin ya matse jini. Iskar can a bushe take kamar ta hunturu, man kaɗanya zai yi aiki a leɓe da hannu, amma ba ya tare rana. Hasken da ƙanƙara ke maidowa na ƙona fuska, a sayi man kariya da tabarau.

Malam na Gidan Igwai:
Ƙari kaɗan. Bizar Schengen, wadda ake shiga waɗannan ƙasashen da ita, na neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma inshorar biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan ƙanƙara ko ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu. A sa su rubuta shi a takarda. Kada ku sayi tikitin hawa dukan tsaunin a ranar farko, mai koyo ba ya wuce filin koyo da shuɗiyar hanya. Da launi ake wa hanyoyin zamiya alama: shuɗiya mai sauƙi ce, ja da baƙa na gwanaye ne. Filogin Najeriya ba ya shiga soket ɗin can, na Suwizalan ma daban yake da na Ostiriya.

Batun salla: a Disamba da Janairu rana na faɗuwa kafin ko wajen ƙarfe biyar, Azahar da La'asar sun matso juna, a tsara darasin yara da safe. Wanda ya yi niyyar zama kwana huɗu cikakku, a Malikiyya ya daina ƙasaru da isarsa. Alƙibla kudu maso gabas take.

Ɗan Arkilla:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, daga Zurich zuwa Wengen sau nawa ake canza jirgin ƙasa?

Injiniya na Runjin Sambo:
Yawanci uku: Bern, Interlaken Ost, sai Lauterbrunnen. Kusan awa uku daga filin jirgi. Ku rage manyan akwatuna, tsakanin jirgi da jirgi mintuna kaɗan ne.