Tun korona ban koma coci sosai ba, wa'azin waya bai wadatar ba ne?

ɗan_Zonkwa:
Salama 'yan'uwa. Ina da tambaya amma don Allah kar a hau ni da faɗa. Aikin gadi nake a Abuja, na dare, sai shida na safe nake tashi, kafin in isa ɗaki a Mararaba idona kamar an zuba barkono. Tun 2020 da aka rufe majami'u saboda korona na saba kunna wa'azi a YouTube ina kwance, da aka buɗe ma ban koma sosai ba, wata biyu sai in leƙa sau ɗaya. Ga kuɗin mota tunda aka cire tallafin mai a 2023, ga cocin da nake zuwa baiko har kashi uku, na sujada, na gini, na godiya, kuma layi layi ake fita ana rawa kowa na kallon hannunka, ranar da ba ka da shi kunya kamar ƙasa ta tsage. Ina addu'ata, ina karanta Littafi Mai Tsarki. Abin da ke damuna Mama ce, duk Lahadi sai ta kira ta ce ka je sujada? ni kuma in ce eh. To wai me nake rasawa takamaimai?

Baba Dattijo:
Ɗana sannu da aiki, gadin dare ba wasa ba ne. Wannan abu ba da korona ya fara ba, buɗe Ibraniyawa 10:25, tun lokacin manzanni akwai waɗanda suka mai da ƙin zuwa taro al'ada, shi ya sa aka ja musu kunne. Ka kuma lura da dalilin da aka bayar a wurin, don mu ƙarfafa juna ne. Wato ba kai kaɗai ke rasa wani abu ba, akwai wanda ganinka a benci zai ƙarfafa shi. Yesu kansa Luka 4:16 ta ce shiga majami'a ran Asabar abin da ya saba ne. Sannan Jibin Ubangiji fa? Waya ba za ta miƙo maka gurasa da ƙoƙo ba. Toma rana ɗaya aka taru ba ya nan, ya yi mako guda yana fama da shakka alhali sauran sun riga sun ga Ubangiji, duba Yohanna 20.

Maman Tagwaye:
Ƙanena ni ban iya jawo ayoyi kamar Baba ba, abin da na gani zan faɗa maka. Ƙarshen Oktoba 2014 da Boko Haram suka shiga Mubi muka fita da ƙafa, ni da yara uku, maigida ba ya gari, ko takalmin kirki ban ɗauka ba, zanen da hannuna ya kai kansa na jawo na goya ƙaramar ashe zanen zumuntar mata ne. Lokacin har hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi sai da aka bar ta aka koma Jos na wani lokaci, to ka ga babu wanda ke da ofishin da zai nemi wani. Mun isa Yola ƙafa a kumbure ban san kowa ba, ina zaune bakin tasha wata mata ta wuce ta dawo ta tsaya tana kallon zanen nan, ta ce Mama daga wace ikilisiya? Ina faɗa ta ɗauki jakar ledata ta ce tashi mu je. Wata biyu muna ɗakinta, mu takwas a tabarma biyu. Kuma shugabar zumuntarmu da littafin nan na kiran suna da muke ƙorafi a kai duk mako, wai an cika takura, da shi ta zauna tana bin mu ɗaya ɗaya a waya, wance tana Yola, wance ta tsallaka Kamaru, wance ba a ji ɗuriyarta ba a ci gaba da nema. Wanda sunansa ba ya cikin littafin fa, wa ya san ya ɓata? Kai kana Mararaba kai kaɗai, in zazzaɓi ya kayar da kai kwana uku wannan faston na YouTube bai san an haife ka ba.

Gaskiya_Ɗaci:
Mama Allah ya ƙara kiyayewa, amma a faɗi ɗaya gefen ma. Ni shekara tara ina kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ban taɓa fashin Lahadi ba, da na kwanta asibiti sati uku mutum biyu ne suka zo, amma da lokacin harbes, bikin godiyar girbi, ya yi har gida aka kawo mini ambulan ɗin saka baiko. Zuwa kullum ba shi ne a san ka ba, musamman a manyan cocin nan da in an tashi kowa sai motarsa. Maganar baiko kuma gaskiyarsa, an mai da abin gasa.

Baba Dattijo:
Ban musa ba, mu dattawa laifinmu ne wannan. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 anini biyu ta saka. Amma 'yata, waɗannan biyun da suka zo asibiti, a ina suka san ki?

Gaskiya_Ɗaci:
A kwaya ne Baba 😅 naji. Amma dai na canza coci, yanzu ina wata ƙarama ba mu kai ɗari ba.

Tsohon_BB:
Oga ɗan Zonkwa kai matsalarka lokaci ne ba bangaskiya ba. Mararaba da Masaka cike suke da ƙananan majami'u da za ka taka da ƙafa ba sai ka hau mota ba, da yawa suna sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, ka tambayi wadda ta fi dacewa da tashinka. In safiyar Lahadi ta gagara akwai nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako da yamma, ka je kafin ka wuce aiki, nan ma aka fi sanin juna don mutane kaɗan ne. In kuma gyangyaɗi kake tsoro ai ba kai ne farko ba, Aftikos barci ya kwashe shi Bulus na wa'azi har ya faɗo ta taga daga hawa na uku, Ayyukan Manzanni 20, kai dai kar ka zauna kusa da taga 😂 Ranar da babu baiko ka fita layin ka dawo abinka, ba wanda zai caje ka. Amma ƙaryar nan da kake yi wa Mama ka daina, ka faɗa mata yadda aikin yake.

ɗan_Zonkwa:
Na gode duka. Maman Tagwaye labarinki ya sa jikina ya yi sanyi, don watan jiya na yi kwana biyu a kwance mai shagon gefe ne kawai ya buga ƙofa, shi ma bashi ya zo karɓa. Akwai wata ƙarama a bayan layinmu ina jin gangarsu duk Laraba, zan leƙa wannan satin. Mama kuma sai na shirya, don in na faɗa mata gaskiya yau gobe za ta hau mota daga Zonkwa.