Neman shawara: na sa wa CG faffaɗar taya, sarƙa na gogar gefenta

Mai CG, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wata tsohuwar Honda CG125 ne yadda raina ke so. Na rage mata madigadi, na canza kujera da kan mashin, na cire gidan sarƙa. Tayar baya da ke kanta 3.00-18 ce, sai na sayo 120/80-18 don ta cika ido, kuma ina shiga rairayi idan zan je gona wajen Kaita. Wilin nata ne na asali, an buga 1.85 a jikinsa, wato faɗinsa a inci. Taya ta shiga, tana juyawa, amma tsakaninta da sarƙa bai wuce milimita 2 ba, har ta fara barin baƙin layi a gefen tayar. Wani ya ce in cusa washa a bayan babban sifiroket (faifan haƙoran da sarƙa ke hawa), wani ya ce in matsar da wilin dama. Wanne ya fi? Kuɗin tayar ya riga ya fita, ba na son ya tafi a banza.

Ɗan acaɓa, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Oga sa washa biyu kawai ka wuce wurin. Na ga masu yi.

Baban gareji, Ƙofar Marusa:
A'a ɗana, kar ka sa washa. Shi ma mai ba ka shawarar, Allah ya tsare shi.

Sarƙa tana tashi daga ƙaramin sifiroket na injin zuwa babban na baya, kuma dole su biyun su zauna a layi ɗaya cur. Idan ka turo na baya waje ka bar na gaba inda yake, sarƙa za ta riƙa tafiya a karkace. Haƙora su ci ta gefe ɗaya, sarƙa ta saki da wuri, ranar da ka faɗa rami da gudu ta yi tsalle ta sauka. In ta sauka waje ka yi sa'a. In ta naɗe a tsakanin sifiroket da hob (cibiyar wili), tayar baya ta kulle kana bisa kwalta. Ga kuma wani abu na CG: sifiroket ɗinta a kan ƙusoshi yake masu shiga cikin robobi a hob, da zoben ƙarfe da ke tare shi. Wurin zoben a ƙayyade yake, babu filin washa.

Yanzu mu yi lissafi. Lambar 120 faɗin tayar ne a milimita. Tsohuwar 3.00 faɗinta wajen milimita 80 ne. Ka ƙara 40 ke nan, 20 a kowane gefe, a mashin ɗin da ba a bar masa wannan filin ba. Sannan 80 ɗin da ke biye kashi 80 cikin ɗari ne na faɗin, wato tsayin gefenta milimita 96, ka ga ta fi tsohuwar tsayi ma. Abin da ya fi damuna shi ne wilin. Taya 120 tana son wili mai faɗin inci 2.75 ko kusa da haka. Ka matse ta a 1.85, bakinta ya tsuke, bayanta ya yi tsini kamar tulun da aka ɗaure wa wuya. Abin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru yadda kake zato ba, kuma a kwana za ka ji tana faɗawa da kai.

Mai CG, Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba. To matsar da wilin dama fa? Can akwai ɗan fili.

Baban gareji, Ƙofar Marusa:
Idan ka matsar da wilin gaba ɗaya da bushin, sifiroket ya bi shi, layin sarƙa ya lalace ta ɗaya gefen, kuma tazarar tana nan yadda take tunda taya da sifiroket tare suka tafi. Abin da ake yi shi ne a bar hob a wurinsa, a ja da'irar wilin kaɗai ta hanyar sifok (wayoyin wili), a sassauta na hagu a ɗaure na dama. Milimita 2 ko 3 mai ɗaurin sifok da ya san aikinsa zai ba ka. Fiye da haka tayar baya ta bar sawun ta gaba, mashin ya riƙa jan gefe. Kuma a dama akwai sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birki, su ma suna son filinsu.

Malamin makaranta, Daura:
Ina goyon bayan Baba, sai dai in ƙara abu ɗaya kan awo. Milimita 2 da ka gani a tsaye ka gan ta, mashin na kan jaki. Taya tana kumbura idan ta ɗauki zafi, kuma kowa ya san kwaltar Katsina zuwa Daura a watan Afrilu. Tana lanƙwasa a kwana, sarƙa kuma tana kaɗawa gefe da gefe, balle in robobin hob sun mutu. Ni a nawa mashin ba na yarda da ƙasa da milimita 6, in na samu 8 hankalina ya fi kwanciya.

Ga yadda nake dubawa. In shafa alli a gefen taya zagaye, in juya ta a hankali in nemi inda ta fi kusa, don babu tayar da ke juyawa daidai ɗari bisa ɗari. In kwance shokazoba biyun in ɗaga tayar sama har ƙarshe in ga ko za ta taɓa madigadi ko ƙusoshinsa, domin ranar da ka ɗauko buhun gero daga gona can za ta kai. Sai in ɗaure zare biyu daga tayar baya zuwa gaba in ga ko tazarar tayar gaba daidai take hagu da dama. Zanen da ke jikin abin jan sarƙa ba kullum yake faɗin gaskiya ba.

Mai kayan gyara, Katsina:
Lambar girman sarƙar CG 428 ce. In ka koma 420 ta fi siranta, za ka samu ɗan fili, tsawon gaɓa ɗaya ne, milimita 12.7, amma cikinta 6.35 ne maimakon kusan 8. Sai ka canza sifiroket biyun duka.

Malamin makaranta, Daura:
Alhaji, abin da zai samu a gefen taya bai kai milimita 1 ba, ga sarƙa mai rauni. Bai biya ba.

Mai walda, Ƙofar Ƙwaya:
Ana iya feƙa ƙaramin sifiroket mai wuya ya fito waje, a fito da na baya daidai da shi. Masu haɗa manyan mashina suna yi. Amma nauyin ja yana komawa bakin shaf, boris ɗin giya ke shan wahala, kuma murfin injin da firam na iya tare sarƙar. Aikin ya fi kuɗin tayarka nesa ba kusa ba. Kar kuma wani ya ce ka goge gefen tayar da giranda, don Allah.

Baban gareji, Ƙofar Marusa:
Ɗana, in nawa ne, in sayar da 120 tun ba ta ci ba, in sa 100/90-18 a wili 2.15. Ta cika ido, injin 125 zai ja ta ba tare da ya mutu a giya ta sama ba. Duba lambobi huɗun ƙarshe na layin da aka rubuta DOT a gefenta kafin ka biya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2423 na nufin mako na 24 na 2023. Ka bar wa sarƙa ɗan wasa, ka sake gwadawa kana zaune a kai. Kuma tunda ka cire gidan sarƙa, ƙurar hunturu da rairayin Kaita za su ci ta, ka nemi ko rabin murfi na sama.

Mai CG, Ƙofar Ƙaura:
Na yi gwajin alli Malam, a wuri ɗaya sarƙar ta share shi tas, kuma robobin hob sun yi laushi. Na sauke tayar, wani mai babban mashin ya ce zai saya. Baba, wili 2.15 ɗin zai hau hob ɗina da tsofaffin sifok, ko sai na sayi sababbi?

Baban gareji, Ƙofar Marusa:
Ƙirga ramukan hob da na wilin, su zo daidai, yawanci 36 ne. Sifok kuwa sa sababbi, tsoho in an kwance shi ba ya ɗaurewa da kyau. Taho da hob ɗin a hannu wurin mai sayarwa a gwada a gabanka.