Wa ya taɓa amfani da jatamansi saboda rashin barci?

Mai jinya a Delhi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo mahaifiyata asibiti, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Wani mai shagon magungunan Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, ya ce in sha jatamansi. Wanda ya san shi ya taimaka mini.

Ɗalibi a Bangalore: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Saiwa ce mai gashi-gashi, ruwan ƙasa, tana fitowa a tsaunukan Himalaya, a tsayin mita 3,000 zuwa 5,000. Na sha garinta cikin madara mai ɗumi lokacin jarrabawa. Akwai ɗaci, kada a ruɗe ki. Ni dai ba ta bugar da ni nan take ba, tunane-tunanen dare ne suka lafa, barci ya zo daga baya.

Hajiya mai turare: 'Yata, ni ban taɓa sha ba, a turaren wuta nake zubawa. A kasuwar Khari Baoli ta tsohuwar Delhi nake saye. Ƙamshinta mai nauyi ne, kamar ƙasa bayan ruwan farko, kaɗan ya isa. Sai dai ki buɗe ido. An taɓa auna mini gari da sunanta, da na ƙona sai wani wari ya tashi, ashe tagara aka cakuɗa, wata saiwa daban. Tun daga nan saiwar nake saye, in daka da kaina.

Ɗan kasuwa: Gaskiyar Hajiya. Tsada ce ta jawo algus ɗin. Saiwar ake nema, don haka tumɓuke tsiron ake yi gaba ɗaya, ga shi ba ya saurin girma. Tun 1997 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa ido kan fataucinta. Mafi yawa daga Nepal take zuwa, yankunan Jumla da Humla. In kin ga araha, ki yi shakka.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ƙara sauƙi. Na sha sau da yawa, na yi barci, amma na tashi jikina a mace. Roƙona ɗaya: kada ki ba Mama ko kaɗan sai likitanta ya sani, musamman idan akwai tiyata a gaba. Ke ma in kina shan maganin barci ko kina da juna biyu, ki bari.

Mai jinya a Delhi: Na gode, Allah ya bar zumunci. Jibi za a yi mata aiki, kuma ni kaɗai ke kwana da ita, barci mai nauyi ba nawa ba ne yanzu. Hajiya, wane layi ne a kasuwar?