Shawara nike nema: tahiyar ƙasa zuwa tafkunan kan dutse na Kashmir

ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu Indiya, yanzu ina gida hutu, to abokan karatuna sun haɗa wata tahiya watan Agusta in mun koma, wai za a tashi daga Sonamarg cikin Kashmir a taka da ƙahwa kwana 7 ko 8 cikin duwatsu, ana kwana cikin tanti, tafki bayan tafki har a sauko wani ƙauye Naranag, kusan kilomita 70. Akwai ɗan jagora da masu dahuwa da dawakin ɗaukar kaya, kai dai jikkar bayanka za ka goya. Hotunan da sunka turo mini wallahi sun shiga raina, ruwa shuɗi shar ga ƙanƙara bisa dutse. Amma ni ɗan Sakkwato na, hunturunmu ma rigar sanyi biyu nike sawa, shin jikina zai ɗauka? Kuma abin da ya hi tsaya mini a rai, an ce wasu tafkunan mabiya Hindu na girmama su har ziyarar ibada suke zuwa, to mi addini ya ce ga zuwana wurin, kuma ƙaƙa zan yi da salla da alwala cikin wanga sanyi. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya taimaka.

Abban_Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi wagga tahiya lokacin da nike can, kuma zan gaya maka gaskiya, ba sanyi ne zai fara kama ka ba, numfashi ne. Sakkwato ba ta wuce mita 300 bisa teku ba, Srinagar babban birnin Kashmir kusan 1,600, Sonamarg inda za ku fara wajen 2,700, sannan mashigin Gadsar wanda shi ne ƙololuwar hanyar ya kai wajen 4,200. Ranar hawan shi tun duhun asuba ake tashi daga bakin tafkin Vishansar, a wuce Krishansar, sai hanya ta miƙe sama tana lanƙwasa, taku goma ka tsaya ka ji zuciyarka na bugawa har cikin kunne. Amma in ka kai sama ka waiga za ka ga tafkunan biyu kwance ƙasanka lokaci guda, ɗaya kusa ɗaya can baya, wallahi ban san sanda na fara tasbihi ba.

Kada ka yi gasa da kowa, bi bayan ɗan jagora da irin takunsa, su mutanen wurin ne sun san inda ƙasa ke zamewa. Tsakanin Satsar da mashigin Zaj akwai wani fili na manyan duwatsu da ake tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, nan ne takalmi mara kyau ke tona asirin mutum. Ranar ƙarshe kuma gangara ce zalla cikin daji har Naranag, gwiwa ke shan wahala, ka nemi sanda.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne makiyayan wurin, Gujjar da Bakarwal, musulmai ne, suna hawa da tumaki da awaki lokacin zafi su sauko in ƙanƙara ta matso, kamar dai yadda Fulaninmu ke tafiya mashekari. In ka yi musu sallama fuskarsu sakewa take yi. Wata tsohuwa ta miƙo mini shayinsu mai gishiri mai launin hoda a bakin bukkarta, tana ta duba fatar hannuna tana tambaya da hannu daga ina, da na ce Najeriya kuma musulmi sai ta dafa ƙirji. Abinci a sansani galibi shinkafa ce da miyar wake da burodinsu na capati, wani lokaci ƙwai, babu abin da zai dame ka ta wajen halal, sai dai ka riƙe dabino da gyaɗa a aljihu. Ka tafi da fasfo da takardar zamanka da kwafinsu, akwai shingayen soja a hanya suna dubawa. Kuma ka sanar da gida tun wuri cewa babu sabis a duwatsun, kada hankalin Inna ya tashi.

'Yar Gawon Nama:
Ɗan uwa ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya zan roƙe ka tun kana gida, je ka yi gwajin jini ka san rukuninka na sikila. In SS ne ko SC maganar ta ƙare, kada ka je. In AS ne ma kada ka ce ai lafiyata lau, saboda a irin wannan tsawon iskar shaƙa ta yi ƙaranci kuma ga gajiya ga ƙishirwa, jinin na iya toshewa a saifa, mutum ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, a wurin da ba mota ba asibiti sai dai a ɗora shi a doki. Abokanka 'yan Indiya wataƙila ba za su kawo wannan a ransu ba, mu kuwa nan AS ya yi mana yawa. Ka zauna da likita kafin ka biya ko sisi. Sannan ko AA ne kai, ciwon kai da amai da rashin barci a sama ba abin ɓoyewa ba ne don kunya, gaya wa ɗan jagora nan take, in mutum ya fara tangaɗi ko tari da numfashi sama-sama yana zaune to maganinsa saukowa, ba jira. Akwai ƙwayar Diamox da ake sha don wannan amma likita zai rubuta maka. Ka sha ruwa sosai ko ba ka jin ƙishi.

Almajirin Shehu:
Malam ɗan Mabera Allah shi yi albarka da ka tambaya kahin ka tahi. Tafkin da ake magana shi na Gangbal, gindin dutsen Harmukh mai tsawon mita 5,142, Hindun Kashmir na ɗaukar shi da tsarki awa kogin Ganga, har tokar mamatansu suke zubawa ciki. Wanga aƙidarsu ta. Kai ruwa za ka gani da dutse, halittar Allah, kuma an umurce mu da tahiya cikin ƙasa da lura. Abin da ba ya halatta shi na ka tahi da niyyar neman albarkar wurin ko ka shiga cikin ibadarsu ko ka ɗebo ruwan don tabarruki. In ka ishe su suna abinsu ka ba su wuri, ba izgili ba ɗaukar hoto bisa hancinsu, kuma kada ka zubda shara ko ka yi wanki da sabulu cikin ruwan.

Salla kuwa sauƙi gare ta, matahiyi kake, ƙasaru za ka yi tunda ba inda za ku zauna kwana huɗu, kuma kana iya haɗa azahar da la'asar in tahiya ta matsa. In ka ji tsoron ruwan zai cuce ka kuma ba a samu na ɗumi ba ka yi taimama bisa dutse, amma ka roƙi mai dahuwa ya ɗan ɗumama maka da asuba, musulmai na za su gane. Ka lura alƙibla can yamma take, ta ɗan karkata kudu, kada ka tashi cikin barci ka dubi gabas yadda ka saba.

Baffa Runjin Sambo:
Yaro duk abin da suka faɗa maka daidai ne amma ba wanda ya taɓo tsaro. A watan Afrilu 2025 an kai hari kan masu yawon buɗe ido kusa da Pahalgam aka kashe mutum 26, bayan nan hukuma ta rufe wurare da yawa har da hanyoyin hawan duwatsu. Ba hanyarku ba ce amma yanki ɗaya ne. Don haka kada ka tura kuɗi sai kamfanin ya nuna muku izini a rubuce cewa hanyar a buɗe take kuma an yarda baƙo ɗan wata ƙasa ya bi, kuma a yi maganar mayar da kuɗi in an rufe. Sannan mahaifinka ya sani? Karatu ya tura ka, ka zauna ka faɗa masa komai har da wannan da na faɗa, in ya ce a'a ka haƙura.

ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai Allah shi saka da alheri. Baffa in sha Allahu yau bayan isha'i zan yi ma Baba magana ban ɓoye komi. Anti gwajin gobe da sahe zan tahi. Yaya Abba takalmin fa, in saye nan ko in bari sai na koma?

Abban_Arkilla:
Duba 'yan gwanjo a babbar kasuwa, ana samun masu rufe idon sawu masu tudun ƙasa da arha, ka ɗauki wanda ya fi ƙafarka kaɗan saboda safa mai kauri. Ka fara sa shi tun yanzu, ka zuba litattafai a jaka ka goya ka riƙa hawa matakala da tafiya mai nisa bayan asuba kafin rana ta buɗe, kada ka kai shi Kashmir yana sabo. Jakar barci da tanti kamfani ke bayarwa, rigar ruwa kuwa ka saya a Srinagar don Agusta ana samun ruwan sama a can.