Darussan intanet na masu jinyar gigin tsufa: wanne ya dace da mu a Kebbi?

Bakabiya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Ana ta turo tallan shirye-shiryen "lafiyar ƙwaƙwalwa" ta WhatsApp da Facebook, wai don masu jinyar tsofaffin da ciwon mantuwa ya kama. Wasu kyauta, wasu sai an biya duk wata. Matar da ke Birnin Kebbi ko Jega, tana kula da uwa ko suruka mai gigin tsufa, ba ta samun barci, ga fargabar kada ita ma abin ya same ta, wanne ya cancanci ta ƙona masa data? Wadda ba ta jin Turanci kuma fa?

Ɗan Argungu:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa da suna ɗaya.

Akwai wasannin waya da ake cewa suna wasa ƙwaƙwalwa. Waɗannan su ne na kuɗi, kuma ki bar su. Mai yin su yana ƙwarewa ne a wasan kawai. A 2016 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da ya yi cewa wasanninsa na kare mutum daga mantuwa, alhali ba hujja.

Sai darussan koyon jinya. Mafi inganci shi ne iSupport, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, kyauta. Kashi biyar ne: mene ne ciwon, zama mai jinya, kula da kai, hidimar yau da kullum kamar ciyarwa da wanka da bayan gida, sai yadda za a yi da sauyin hali. Akwai shi a matsayin littafi da za a sauke sau ɗaya a karanta ba data, ko a kai shagon kwamfuta a buga. Jami'ar Tasmaniya ta Ostireliya ma tana da kwas biyu na kyauta, ɗaya kan fahimtar ciwon, ɗaya kan rigakafinsa, amma bidiyo ne da Turanci, suna cin data.

Kada a fara daga shafin farko. A tafi kai tsaye kashi na biyar, domin nan ne gida ke rikicewa: tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi, ko ta ɗaure kaya da la'asar ta ce gida za ta. Abin da ake koyarwa shi ne a rubuta abu uku duk lokacin da ta rikice: me ya faru kafin, me ta yi, me aka mayar mata. Bayan mako guda za a ga abin da ke tayar da ita, sau da yawa yunwa ce, ko fitsari, ko hayaniyar jikoki gab da magariba.

Malama ta Yauri:

Malam ya faɗi daidai, amma ina da gyara. Miƙa wa mace adireshin intanet a ce ta je ta karanta ba ya aiki. An gwada iSupport a Birtaniya, masu jinya suna bi su kaɗai, kuma bai rage musu damuwa fiye da waɗanda ba su bi ba. Wani shirin masu jinya mai suna START kuwa, zama takwas da mai koyarwa ido da ido, da aka gwada a Landan, ya rage damuwa da ƙuncin rai. Bambancin shi ne samun mutum a gefe. Wadda ta kwana tana wankin zanin gado ba za ta buɗe darasi da kanta ba.

Don haka a yi shi a ƙungiya. Mata huɗu zuwa shida masu jinya, da mai jin Turanci ɗaya, ko ɗalibar koyon aikin jinya ce. Darasi ɗaya a mako. Ta karanta, ta naɗa da Hausa a saƙon murya da bai wuce minti biyar ba, ta tura. Kowa ta gwada abu ɗaya tak a makon, ranar Juma'a a faɗi yadda aka kwashe. Idan ƙungiyar ta haura mutum goma sai ta koma wurin gaisuwa da tallan atamfa. Kuma a kafa doka tun ranar farko: ba ɗaukar hoton tsoho ko bidiyonsa yana cikin ruɗewa. Mutuncinsa ne, kuma abin da ya shiga waya ya fita hannu.

Wani abin da darussan Turawa ba su sani ba shi ne gidan gandu. Mutum ashirin a gida, amma jinyar na kan mace ɗaya. A rubuta rabon kwana a manna a bango, har da 'ya'ya maza: wane ne na daren Litinin, wane ne mai kai Baba masallaci da dawo da shi. Mai jinya ta samu aƙalla dare biyu a mako na cikakken barci a wani ɗaki daban.

Bakabiya:

Na gode Malama. Batun gadon ciwon daga iyaye fa? Shi ne ke hana mutane sukuni.

Na Gwandu:

Hajiya, wanda ake gada kai tsaye daga iyaye kaɗan ne ƙwarai, kuma yakan fara tun kafin shekara 65. Uwa ta kamu a shekara 80 ba ya nufin 'yarta za ta kamu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon. Na kusa da mu su ne hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, hayaƙi, rashin motsa jiki, kaɗaici da buguwar kai, irin ta faɗuwa daga babur.

Hawan jini ne kan gaba, kuma mai jinya ce ke mantawa da nata tana auna na tsohuwa. A sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. A zauna minti biyar, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan. Awo biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, kwana bakwai. In matsakaicin ya kai 135/85 a gida, a je asibiti da takardar. In ya kai 180/120, ranar za a je. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi, kuma ɗunƙulen da ake jefawa a miya yana cikin lissafin. Tafiya da sauri minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. A watannin Maris da Afirilu sai bayan asuba, kafin rana ta buɗe. Girki da itace kuma a fito da murhu fili.

Ga inda intanet ba ta da hurumi. Gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Tsohon da ya birkice cikin kwana ɗaya ko biyu, ko barci ya yi masa yawa, ko ya fara ganin abin da babu, wani ciwo ne ya hau kai: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko kwanaki ba bayan gida. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma yawanci yana warkewa. Kada a je kemis a karɓo diazepam ko Piriton don ya yi barci; suna ƙara ruɗewa, suna jawo faɗuwa da karaya.

Don tabbatar da ciwon, a fara da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi. In da buƙata za su tura Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. A tafi da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, da littafin nan na mako guda da Ɗan Argungu ya ambata. In likita ya rubuta donepezil, maganin da ake ba masu gigin tsufa, ana farawa da miligiram 5, ba a ƙarawa zuwa 10 sai bayan kamar wata guda. Ba ya warkarwa, sassauci yake kawowa na wani lokaci, kuma in aka ga amai, gudawa ko jiri har ya kai ga suma, a koma wurin wanda ya rubuta kafin a sake ba shi.