Mayafin da nake saƙawa ya koma ƙwarya, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa nake. Ina saƙa zagayayyen mayafi da kwarashi, na lulluɓe jaririn da ƙanwata ke jira, so nake ya gamu kafin hunturun Disamba. Na fara da dogayen ƙafafun saƙa 12 a tsakiya, waɗanda ake kira birid da Faransanci. Da farko shimfiɗe yake kamar faifai, yanzu a zagaye na 9 bakin ya tattaro sama kamar ƙwarya. Na ƙirga, ƙafa 84 ne. In guge shi zai kwanta? Wallahi abin ya dame ni.

Maman Ummi, Marwa: Wa alaikumus salam. Adda, lissafin ne ya tsaya miki. Idan da 12 aka fara, kowane zagaye sai an ƙara 12: 24, 36, 48, haka har ƙarshe. Zagaye na 9 ya kamata ya zama 108. Wannan 84 ɗin na zagaye na 7 ne, daga nan kika daina ƙari. Baki yana faɗaɗa, zare bai ishe shi ba, dole ya tashi. Ki warware zagaye biyu na ƙarshe. A na 8, ki yi shida ɗai-ɗai, ki sa biyu a ido na bakwai, ki maimaita har ki samu 96.

Goggo, Ngaundere: 'Yata, kada dutsen guga ya taɓa shi. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, zafi narkar da shi yake, ya mutu ya yi sheƙi. Kuma ki riƙa gusar da wurin ƙarin, in kin jera su a kan juna da'irar kusurwa za ta fitar. Hannunki ma ki sassauta, ko ki koma kwarashi lamba 4 in da 3 kike yi.

Hajiya, Njamena: Na gaba ki nemi zaren auduga. Zafin Garwa a Maris, ulun roba yana iya fesa wa jarirai ƙuraje.

Mai tambaya: Gaskiya ne, tsoron kada bakin ya yi tattara ne ya sa na daina ƙari. Na warware, yanzu ina na 8, ya kwanta lif a kan tabarma. Allah ya saka da alheri, Goggo da ku duka.