Yarona yana CM2, ajin ƙarshe na firamare, ni kuma ban iya karanta takardarsa ba

Maman Abba, Garwa, Kamaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyar maƙwabciyata ce ke rubuta min. Ƙosai da koko nake sayarwa a Hausare. Yarona bana zai yi CEP, jarabawar gama firamare, da jarabawar shiga siziyem, ajin farko na sakandare. Babansa ɗan mashin ne, da yakan ba ni jaka biyu duk Juma'a, amma tun da ya ƙaro aure sai na yi ta aike. Uwar mijina ta ce ni na sangarta yaran, alhali ita ta ƙulla auren, har ɗakina aka karɓe aka mayar da ni na kusa da bayi, ban ce uffan ba. To jiya metir, malamin ajinsu, ya aiko cewa in ba a tashi tsaye ba yaron zai maimaita aji. Ni allo kaɗai na yi. Me zan yi masa?

Malam Direkta: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, kin ba mu labarin kishiya, ba ki faɗi nawa ya ci bisa 20 ba. Kuma yana da takardar haihuwa? In babu, ba a karɓar dosiyensa, wato takardunsa na CEP, sai an je kotu an yi jijman, hukuncin da ake fitar masa da takardar haihuwa da shi, ba kuma a kwana ɗaya ake gama shi ba. A aikin koyarwa na tsufa, ki ji ni da kyau. Ba sai kin iya Faransanci ba. Mai ba da canji ta san lamba. Kullum bayan magariba ki buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa, ki duba inda jan biro ya rubuta: ƙasa da 10 faɗuwa ce. In shafi ya kwana uku ba sabon rubutu, ko bai je ba ko bai kwafa ba. Ki sa ya karanta da ƙarfi, sannan ya faɗa miki ma'anar da Hausa. In ya kasa, hadda yake yi ba fahimta. Ki kuma taka ki je wurin metir da kanki, kada ki jira sammaci.

Hajiya ta Yelwa: Malam, metir nawa? Tun shekarar 2000 aka ce firamare kyauta ce, amma kowace Satumba sai mun biya kuɗin APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, da shi ake sallamar malaman da iyaye suka ɗauka. Ajin jikata sun fi ɗari, wasu a ƙasa suke zama. Na je taron iyaye na yi magana, aka ce in zauna.

Ɗan Marwa: Yaya, ku haɗu ku uku a unguwa ku ɗauki ɗan lise, wato ɗan sakandare, yana yi musu bita da yamma. Ba tsada.

Malam Direkta: Asarar kuɗi. Aikin gidan zai riƙa yi musu, su kwafa.

Baban Hanifa: Ni dai a kai shi gareji. Ƙanena da BAC ɗinsa, takardar gama sakandare, yanzu haka mashin yake ja.

Malam Direkta: Yaro ɗan CM2? Ko garejin yau sai da karatu. Maman Abba, tambaya ɗaya: da safe yana ɗaukar talla?

Maman Abba: Yana ɗauka, Malam, amma bakwai da rabi yana lekol, makarantar boko, sai dai ranar da ƙosai ya yi kwantai. In bai ɗauka ba wa zai sayi kayen da kuke cewa in duba? Kuma bayan magariba yana makarantar allo, wannan ba zan taɓa ta ba. Yarona ba daƙiƙi ba ne, metir ɗin ne ba ya son sa.

Malam Direkta: To ki bar masa yammacin Laraba, ai da rana ake tashi. Har yanzu ba ki amsa maganar takardar haihuwa ba.

Maman Abba: Ina jin tana wurin babansa.

Hajiya ta Yelwa: Kina ji ko kin gani? Ita amaryar tana da yara a lekol? Don ni abin da tawa kishiyar ta yi min, sai dai Allah ya isa.